Kwana Nawa Yake Yi? Batir, Ƴantacciyar Manhaja da Muryoyin Damargu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai sayar da kayan wuta a kasuwar Tanut, ko ta Bakin Birji, ko ta Belbeji, ya san tambayar da mai saye ke jefawa tun kafin a shiga ciniki. Ko rediyo ya ɗauka, ko tocila, ko salula, zai juya abin a hannu, ya auna nauyinsa, sannan ya ce: "Kwana nawa yake yi?" Ƙasar da aka ƙera abin da zaƙin muryarsa duk sai daga baya ake zancensu. Mai sayarwa kuwa amsa ɗaya gare shi, wato rantsuwa da cewa sai mutum ya manta ranar da ya yi caji. Babu mai gaskata shi, babu kuma mai hanyar ƙaryata shi, domin a cikinmu ba wanda ke riƙe da ma'auni. A kan wannan tambaya nake son in yi magana da ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, ta hanyar labarin wata ƴar na'urar sauraren sauti da ba ta kai kwalin ashana biyu girma ba, da kuma manhajar da wasu ƴan sa-kai suka rubuta mata.

Mutumin birni na iya ganin tambayar ba ta da nauyi, don haka sai in fara da yanayin ƙasarmu. Tanut na nesa da Damagaram da kimanin kilomita 150 a kan hanyar Agadas, Belbeji kuma, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana yamma da ita. Tsakaninsu da kewayensu akwai ɗaruruwan ƙauyuka da rugage da zanguna na Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani, waɗanda turakun wutar lantarki ba su taɓa isa gare su ba. Alƙaluman Bankin Duniya na farkon shekarun 2020 sun nuna cewa kusan mutum 1 ne cikin 5 ke da wutar lantarki a Nijar, mafi yawansu kuma a birane suke. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana na ƴan watanni abin da ƙauye ya tashi a cikinsa. A wurinmu caji haja ne kamar gishiri da kanwa. Ana sayensa dala goma ko dala ashirin wurin mai farantin hasken rana ko mai janareta, ana ba ɗan kabu-kabu saƙon wayoyi ya kai gari ranar kasuwa, a jira dawowarsa da yamma. Abin da mutum zai ji da kunnensa a mako, labaran duniya ne ko karatun malami ko waƙa, yana rataye ne a kan ƴar wutar da ya iya saye.

Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mun san wannan lissafi tun zamanin kaset. Rediyo mai kaset ta mahaifina manyan batura 6 take ci, irin waɗanda muke kira pil, masu hoton kan damisa a jiki. Kowane yaro a gidan ya san dokokinsu ba tare da an rubuta masa ba. Jin rediyo ba ya cin wuta kamar juya kaset, saboda haka labaran Muryar Sahel da na sashen Hausa na BBC kullum ne, amma kaset ɗin Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos sai ranar da aka yi baƙo. Mayar da kaset baya da maɓalli laifi ne babba. Sai dai a zura biro a ramin, a yi ta kaɗawa a iska har zaren ya koma farko. Idan batir ya fara sanyi, muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar ta mai magagin barci, sai a fitar da su a jera a rana bisa katanga, wasu ma har su ɗan dandaƙa su da dutse, a samu ƙarin rabin sa'a. Daga rediyo su koma tocila, daga tocila su zama kayan wasan yara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kaset ɗin wasiƙa. Ƴan cin rani da ke Libiya ko Legas sukan ɗauki muryarsu su aiko, a tara dangi a tsakar gida a saurara, sannan a juya ɗaya gefen a ɗauki amsa. Na ga tsohuwa tana gaggauta gaisuwa ga ɗanta, tana tsallake sunayen masu gaishe shi, don jan hasken na'urar ya fara dusashewa.

Zuwan salula a farkon shekarun 2000, sannan katin memori da Bluetooth, ya kawar da kaset cikin ƴan shekaru. Waƙa ta koma yawo daga waya zuwa waya a tasha da bakin rijiya. Ta wannan hanya ce waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan yankin Tawa, waɗanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008, suka ratsa Sahara ba tare da wani kamfani ya tallata su ba, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara irinsu ya fitar da kundin "Music from Saharan Cellphones" a 2011. Sai dai salula baiwa ce mai iyayengiji da yawa. Ita ce tocila, ita ce agogo, ita ce hanyar jin labarin ɗan'uwa. Fuskarta mai haske na shan wuta, kuma a inda layi ke da rauni, kamar yawancin dajinmu, wayar na ƙara ƙarfin neman eriya, batir na zuba ko ba a taɓa ta ba. Malamin da ya ƙarar da cajinsa wajen kunna wa ɗalibai darasi, da dare ba shi da abin kiran gida.

Ni kuwa aikina na buƙatar sauti. Mai koyar da Faransanci a ajin da ɗalibai suka haura 70 ya san cewa muryarsa kaɗai ba ta isa ba. Yara na buƙatar jin wasu bakuna, su saba da saurin magana kafin jarrabawar BEPC. Mai koyar da Hausa kuma na buƙatar kawo tatsuniya da kirari da karin magana cikin aji daga bakin masu su. A 2013 wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Yamai ya kawo mini tsarabar wata ƴar na'ura ta hannu, Sansa Clip+, wadda kamfanin SanDisk na Amurka ya fitar a 2009. Tana da ramin katin memori, da makirufo, da rediyon FM, da ƴar fuska mai ɗaukar layuka kaɗan. Batirinta na da ƙarfin miliyamfa 290 kacal, alhali na manyan wayoyin yau na kaiwa 4000 zuwa 5000, amma kamfanin ya yi alkawarin sa'o'i 15 na saurare. Ya ce mini: "Mushe, na canza mata hankali." Da na kunna, sai wani suna ya bayyana wanda ba na kamfanin ba: Rockbox.

Kowace na'ura irin wannan na da wata manhaja da ke zaune a cikinta, wadda ke gaya wa sassanta abin da za su yi: yaushe fuska za ta haska, yaushe za a karanta kati, da wane sauri ƙwaƙwalwar za ta yi aiki. Bari mu kira ta manhajar ciki. A al'ada kamfani ne ke rubuta ta, ya rufe, mai saye ba ya ganin yadda aka tsara ta balle ya gyara. A ƙarshen 2001 wani ɗan ƙasar Suwidin, Björn Stenberg, tare da ɗan'uwansa Daniel Stenberg da abokinsu Linus Nielsen Feltzing, suka gaji da gazawar manhajar wata na'urar kiɗa ta kamfanin Archos na Faransa, suka zauna suka rubuta tasu. Ta fara fitowa a 2002. Suka sa ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin karanta rubutunta, ya gyara, ya raba, bisa sharaɗin kada ya rufe wa na bayansa ƙofa. Daga nan ƴan sa-kai daga ƙasashe da dama suka kai ta kan na'urorin iriver, da iPod na Apple a 2006, da dangin Sansa. Ba ta goge manhajar kamfani. A Clip+, wanda ya danne maɓallin hagu yayin kunnawa zai koma ta asali. A matsayina na malamin harshe, ina jin daɗin cewa Faransanci ya raba "libre" da "gratuit", Hausa ma ta raba ƴanci da kyauta. Kyauta ana ba ka ka gode, ka riƙe yadda aka ba ka. Shi ya sa na fi son a ce ƴantacciyar manhaja, ko da yake ita ma ba a biyan ko dala a kanta.

To, ta yaya rubutu zai ƙara wa batir kwana, alhali batirin bai canza ba? Na daɗe ina juya wannan kafin in gane, kuma amsar ta fi kusa da hikimar gidajenmu fiye da yadda ake zato. Dabara ta farko ta samo asali ne daga na'urorin farko masu faifan ajiya mai juyawa, irin na Archos da manyan iPod. Juya faifan nan shi ne mafi cin wuta. Rockbox sai ta tada shi sau ɗaya, ta kwashi sauti gwargwadon abin da ma'ajiyar wucin gadi za ta ɗauka, ta kashe shi, ta yi ta ci daga abin da ta ɗebo. Uwargida a Damargu ba ta hawa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya. Takan ɗebi damin da zai kai ta kwanaki, a rufe rumbu. Dabara ta biyu ta shafi ƙwaƙwalwar na'urar. Sautin da aka matse, irin MP3, sai an warware shi kafin ya isa kunne, kuma warwarewar aiki ne. Manhajar na barin ƙwaƙwalwa tana tafiya a hankali, sai in aiki ya taru ta zabure ta na ɗan lokaci, sannan ta mayar da ita tafiyar raƙumin ayari, wanda ba a sa shi sukuwa in ana son ya kai Bilma. Masu aikin sun shafe shekaru suna sassaƙe hanyoyin warware MP3 da Vorbis da FLAC don kowane minti na sauti ya ci ƙarancin aiki. Sauran dabarun kuwa a hannun mai na'ura aka bar su. Shi zai ce hasken fuska ya mutu bayan daƙiƙa 5, ko kada ya kunnu sam. Shi zai sa lokacin da na'ura za ta kashe kanta in barci ya ɗauke shi. Manhajar kamfani, duk sanda aka canza kati, sai ta tsaya tana jera sunayen waƙoƙi na tsawon mintoci, wuta na tafiya ba a ji komai ba. Rockbox na buɗe kati kai tsaye kamar yadda ake buɗe akwati. A ƙasar da kati ke yawo hannu zuwa hannu, wannan kaɗai ba ƙaramar riba ba ce.

Kowane ƙarin daɗi kuma da farashinsa, manhajar ba ta ɓoye wannan. Tana iya rage saurin magana ba tare da murya ta yi kauri ba, abin da ya zame mini babban mataimaki wajen shifta da wajen rubuta hirar dattawa. Tana iya maimaita jimla ɗaya tsakanin alamomi biyu har sai ɗalibi ya kama. Tana iya gyara amon sauti, ta ƙara kauri ko kaifi. Duk waɗannan na sa ƙwaƙwalwa aiki, aiki kuwa wuta ne. Haka ma ƙarfin murya: na'urar da ke ciyar da abin sawa a kunne a hankali ta fi daɗewa a kan wadda aka ƙure.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƴantacciyar manhaja kullum ta fi ta kamfani riƙe wuta. Labarin iPod ya isa misali. A shekarun farko, wanda ya sa Rockbox a iPod ya sami ƙarin iko amma ya yi asarar sa'o'i masu yawa, domin kamfanin PortalPlayer da ya ƙera ƙwaƙwalwar bai fitar da bayanin yadda ake kashe sassan da ba a amfani da su ba. Ƴan sa-kai suka yi ta lalube kamar mai neman allura a rairayi, sai wajen 2008 gibin ya ragu sosai. A dangin Sansa na baya kuwa, irin Clip+, sun kai ga wuce abin da manhajar kamfani ke bayarwa. Abin da ya burge ni ya wuce nasarar kanta. A cikin Rockbox akwai wani ɗan shiri na gwajin batir. Mutum zai cika caji, ya sa kundin waƙa ya yi ta maimaituwa a kan murya ɗaya, ya ajiye na'urar kada ya taɓa. Shirin na rubuta lokaci da ƙarfin wutar da ta rage, har zuwa sanda na'urar ta mutu. In an sake kunnawa, ga takarda nan da alƙaluma. Masu amfani da ita a duniya sun yi ta tara irin wannan sakamako, suna kwatantawa, har da waɗanda ba su yi wa manhajar daɗi ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga an amsa tambayar kasuwar Tanut ba da rantsuwa ba.

Na yi gwajin nan sau da yawa, da sanyi da bazara, na kuma sa ɗaliban ajin ƙarshe suka zana layin saukar wutar a allo tare da malamin kimiyya. Sun ga yadda layin ke gangarowa a hankali tsawon yini, sannan ya faɗi farat ɗaya a kusa da ƙarshe, suka gane dalilin da ya sa waya ke nuna saura kaɗan sai kuma ta ɗauke. Ni kuma na san abin da nake da shi. Na san cewa in na haɗa ta da ƴar lasifika mai nata batir, cikar caji ɗaya na kai ni darussan mako. Na san kuma cewa ɗaukar murya ya fi saurare cin wuta, musamman in ana ɗauka ba tare da matsewa ba, inda minti 1 ke cin wajen megabayit 5 a kati, alhali MP3 na yau da kullum megabayit 1 yake ci.

Wannan sani na ƙarshe shi ne ya fi mini muhimmanci, domin a nan ne batir ya daina zama zancen masu gyaran rediyo ya zama zancen tarihi. Damargu rumbun hatsin Abzin ce tun da daɗewa. Gerenmu ne ayarin Kel Ewe ke kaiwa Bilma a musanya da gishiri da dabino, fataken Arewacin Afirka kuma sun zauna a Jajiduna. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a Tagelal tare da Richardson da Overweg, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Abin da duniya ta sani game da mu na wancan zamani, mafi yawansa daga alƙalamin baƙi ya fito. Ko Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, wanda ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, kalmominsa sun iso mu ne ta kunnen J. F. Schön a littafin "Magana Hausa" na 1885; muryarsa da karin harshensa sun tafi. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda ta faro a 1968, da IRSH, sun ɗauki muryoyi masu yawa a faya-fayai, Allah ya saka musu, amma ba za su iya shiga kowane ƙauye ba. Sauran aikin namu ne, mu malaman da ake turawa inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

A wani ƙauye yamma da Gangara na zauna da wani dattijo da kakansa ya yi madugu. Irin waɗannan mutane ba a ce musu su taƙaita. Sai an sha shayi, an yi gaisuwa ta kai inda ta kai, sannan ya fara da sunayen rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, da kwanakin da ke tsakaninsu, da shekarar da fari ya cinye raƙuma, da yadda ake auna gero da gishiri. Ya dubi abin da na maƙala masa a wuyan riga ya ce: "Ɗana, wannan ɗan ƙwaro zai iya riƙe maganata?" Na ce: "Baba, zai riƙe ta dare uku in Allah ya so, muddin ba mu wuce sallar isha da nisa ba." Na faɗi haka ne don na auna. Dare uku muka yi, babu farantin rana a ƙauyen, babu kiran waya da ya katse mu, fuskar na'urar a kashe don kada haske ya ɗauke masa hankali. A dare na uku ne ya kawo abin da ban taɓa gani a littafi ba, wato kalmomin da masu ayari ke amfani da su tsakaninsu, rabi Hausa rabi Buzanci. Ya rasu bayan damina biyu. Haka kuma waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda injin niƙa da siminti ke kashewa a idonmu: tsohuwa ba ta yin su don an ce ta yi, sai ta manta da kai, ta kama dutsen niƙa, wani lokaci bayan sa'a biyu da kunna na'ura. Wanda batirinsa ba ya jure jira ba zai same su ba.

Duk da haka ba zan ce wa kowace ƙungiya ta bazama neman Clip+ ba. Manhaja na iya tattalin wuta, amma ba ta hana batir tsufa. Batirin lithium na raguwa bayan ƴan ɗaruruwan caji, zafi kuma na gaggauta mutuwarsa, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40 a inuwa. Barinsa a aljihun babur ko kusa da farantin rana yayin caji kashe shi ne. Nawa sau biyu ana canza shi wurin masu gyara a Kasuwar Dole ta Damagaram, waɗanda suka ɓare na'urar da reza suka liƙa wani ƙaramin batir mai girman da ya dace. Wanda kuwa ya kumbura, a raba shi da gida, domin yana iya kamawa da wuta. Kamfanin ya daina ƙera Clip+, waɗanda suka gaje ta kuma, Clip Sport ta 2014 da Clip Jam ta 2015, an sa musu wata ƙwaƙwalwa dabam da Rockbox ba ta hawa. Ga manomi ko makiyayi da ke son jin wa'azi da waƙa kawai, ƴar rediyon Sin mai ramin kati da ɗan farantin rana a baya ta fi masa sauƙi da arha, ni ma ita nake ba mutane shawara. Amma ita rufaffiya ce. Ba ka san abin da take yi da wutarka ba, in ta lalace kuma sai juji. Tawa kuwa ta haura shekara 10 tana aiki, domin bayan kamfani ya juya mata baya wasu mutane da ban san fuskarsu ba sun ci gaba da kula da ita.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk sanda na buɗe jerin harsunan da ke cikin manhajar. Akwai Faransanci da Larabci da Sinanci da Afirkanci. Akwai Walon na Beljiyam. Akwai ma Wallisertitsch, karin Jamusanci na wani kwari a tsaunukan Suwizalan. Babu Hausa, harshen miliyoyin mutane, wanda aka fara koyarwa da shi a makarantar gwaji ta Damagaram tun 1973, wanda kuma Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Ba wanda ya hana mu. Mutanen kwarin nan ba su nemi izinin kowa ba. Wani daga cikinsu ne ya zauna ya fassara ƴan ɗaruruwan jimloli ya aika. Manhajar na karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ in an zaɓi rubutun da ya dace. Tana kuma iya karanta jerin umarninta da murya, abin da ya sa makafi a ƙasashe da yawa suka rungume ta. A wurinmu wannan zai amfani makaho, ya amfani wanda bai yi boko ba, ya kuma amfani batir, tunda mai bin murya ba ya buƙatar kunna fuska.

Ni da abokan aiki biyu mun fara gwada fassarar a lokacin hutu, sai muka tarar da wahalar ba a kwamfuta take ba. Mun shafe yamma guda a kan kalma ɗaya: batir za mu rubuta, yadda ake ji a rediyo da Kano, ko pil, yadda iyayenmu ke faɗa? Muka tsaya a kan batir, tunda pil a bakin mutanenmu wanda ake yarwa ne in ya ƙare. Kunna waƙoƙi ba bisa jeri ba, ɗaya ya ce "gauraye", ɗaya ya ce "barkatai", har yanzu ba su shirya ba. Ga kuma ƙuncin wuri, domin fuskar Clip+ ɗigo 128 ce a faɗi, ba ta ɗaukar doguwar jimla sai ta yi ta jan ta gefe, jan nan kuwa na tilasta wa mutum barin haske a kunne har ya gama karantawa. Gargaɗin ƙarewar caji mun fara rubuta shi "Batir ya kusa ƙarewa, a sa caji", ya ƙi shiga layi ɗaya. Malamin tarihi ne, wanda ke zaune gefe yana gyaran takardun jarrabawa, ya ɗago kai ya ce mu rubuta "Wuta ta yi ƙasa". Ta shiga, har da sauran wuri.